Hayaƙi da Baitulmali: Yadda Sarakunan Ingila Suka Ɗaure Cinikin Tabar Virginia

A watan Oktoba na 1604 Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ba da umarni a ƙara kuɗin fiton taba. Kafin nan kwabo 2 ake biya a kan kowace laba, wato ɗan ƙasa da rabin kilo. Shi kuwa sai ya ɗora sule 6 da kwabo 8 a kai. Wanda ya riski kuɗin zamanin Turawa a ƙasar Hausa ya san lissafin, don iri ɗaya ne: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Daga kwabo 2 ke nan aka koma kwabo 82, ninki 41 a tashi ɗaya. A shekarar ce kuma ya fitar da ƙasidarsa ta la'antar taba, inda ya ce abar ƙyama ce ga ido, abar ƙi ga hanci, mai cutar da ƙwaƙwalwa, mai haɗari ga huhu.

Masu shan lofe ba su daina ba. Abin da ya faru shi ne tabar ta daina bi ta gaban ma'aikatan kwastan, 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa sauke ta da dare a lungunan gaɓar teku. Zuwa 1608 an sauke ƙarin ya koma sule guda. Daga nan har ƙarshen ƙarnin fada ba ta sake ƙoƙarin hana taba da gaske ba. Abin da ta sa a gaba shi ne kowace laba ta shigo ta ƙofar da za a auna ta a karɓi kuɗi. Wanda ya riƙe wannan zai gane duk dokokin da suka biyo baya, har waɗanda a ido suke kamar suna karo da juna.

Dalilin yana cikin yadda sarautar Ingila ke samun kuɗi a lokacin. Sarki ba ya iya ɗora wa mutane sabon haraji a kan gonaki ko dukiya sai da yardar majalisar dokoki, majalisa kuwa ba ta bayarwa sai da sharuɗɗa. Bakin teku ne kaɗai inda hannunsa ke sake. A 1606 wani ɗan kasuwa, John Bate, ya ƙi biyan ƙarin da aka ɗora wa busasshen inabin da yake shigowa da shi, kotun baitulmali ta yanke cewa cinikin ƙetare yana ƙarƙashin ikon sarki, yana iya ɗora abin da ya ga dama. Ban da haka, fada ba ta da ma'aikatan da za su bi gona-gona ko kanti-kanti su karɓi haraji a cikin ƙasa. Irin wannan haraji bai zo Ingila ba sai 1643, kuma majalisa ce ta kawo shi lokacin yaƙin basasa. Ko kuɗin fiton ma jinga ake bayarwa: attajirai su biya sarki wani adadi a shekara, su karɓa da kansu, abin da ya hau ya zama ribarsu. Saboda haka tabar da ta tsallako teku dukiya ce ga sarki, wadda aka noma a bayan garin Landan kuwa ba ta kawo masa ko anini.

A farko kusan duk tabar da Ingila ke sha daga yankunan Sifaniya na Amurka take fitowa, kuma da tsabar azurfa ake sayenta, abin da ke damun masu lura da tattalin ƙasa. Sai ga Jamestown, garin da Kamfanin Virginia na 'yan kasuwar Ingila ya kafa a yankin Virginia, a gaɓar Arewacin Amurka, a 1607 ana neman zinariya ba a samu ba, yunwa da cuta suna ta kashe mutane. A 1612 wani daga cikin mazaunan garin, John Rolfe, ya gwada irin taba mai daɗin sha da aka samo daga kudu, domin wadda mutanen Powhatan, 'yan asalin ƙasar, ke nomawa tana da kaifi a maƙogwaro. Gwajin ya yi kyau. A 1617 an aika kusan laba 20,000 zuwa Ingila, kuma sabon gwamna ya tarar an dasa taba har a kan tituna da filin kasuwa. Sai da aka tilasta wa kowane manomi ya fara shuka eka 2 ta masara kafin ya taɓa taba, don kada su mutu da yunwa a tsakiyar ganye.

Rigimar farko a kan takardar izinin kamfanin ta tashi. Takardar ta ce bayan shekarun sassauci kamfani ba zai biya fiye da kashi 5 cikin 100 na darajar kaya ba. Littafin farashi na kwastan ya ƙiyasta laba guda a sule 10, don haka kashi 5 ya zama sisi, wato kwabo 6. Amma wannan ƙiyasi na tabar Sifaniya ne mai tsada, ta Virginia ba ta kai ko kusa ba. Duk da haka a 1619 ɗan jingar harajin taba, Abraham Jacob, ya riƙe kayan kamfanin ya ce sai an ƙara wani sisin. Doka tana bayan kamfani, amma kamfani yana bukatar abin da sarki kaɗai ke iya bayarwa. Aka daidaita: za su biya sule guda a laba, shi kuma zai hana noman taba a gida. Ranar 30 ga Disamba 1619 aka yi shelar haramta shuka taba a Ingila da Wales.

Wannan ciniki shi ne ginshiƙin komai. Manomin Virginia ya sami kasuwar da aka share masa, sarki ya sami tabbacin cewa abin da za a sha sai ya bi ta sikelinsa.

Shekaru biyar da suka biyo baya ja-in-ja ne a kan wa zai riƙe bakin jakar. A 1620 sarki ya ba Sir Thomas Roe da abokan cinikinsa ikon shigo da taba su kaɗai, aka ƙayyade wa Virginia da Bermuda laba 55,000. Kamfanin ya bar wa Bermuda wannan kaso, ya juya tasa tabar zuwa Holan. Nan fada ta ga ramin da ta bari a buɗe, sai majalisar mashawartan sarki ta ba da umarni a Oktoba 1621 cewa duk kayan Virginia sai an fara sauke su a Ingila an biya kuɗin fito kafin a wuce da su ko'ina. A 1622 ma'ajin sarki, Lionel Cranfield, ya ƙulla yarjejeniya da Sir Edwin Sandys, jagoran kamfanin: kamfani ya zama shi kaɗai mai shigo da taba, sarki ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na ganyen, a biya sisi a laba, kuma dole a shigo da aƙalla laba 40,000 ta Sifaniya a shekara, domin James yana neman auren 'yar sarkin Sifaniya ga ɗansa, ba ya son ɓata musu rai. Abin da ya rusa yarjejeniyar albashi ne. An ware fam 2,500 a shekara don masu gudanarwa, fam 500 na Sandys shi kaɗai, alhali kamfani ya kusa durƙushewa, ga labarin harin Maris 1622 da mayaƙan Opechancanough, shugaban Powhatan, suka kashe Turawa 347. Abokan hamayyarsa a cikin kamfanin suka kai ƙara fada. Aka soke yarjejeniyar a 1623, kotu ta soke takardar izinin kamfanin a Mayu 1624, Virginia ta dawo hannun sarki kai tsaye. A Satumba na wannan shekarar aka yi shelar hana duk tabar da ba ta Virginia ko Bermuda ba.

Charles na Ɗaya, wanda ya hau a 1625, ya so ya wuce mahaifinsa: ya zama shi kaɗai mai sayen amfanin gonar baki ɗaya, ya sayar yadda yake so. Ya yi ƙorafin cewa an gina Virginia a kan hayaƙi, amma hayaƙin yake nema. Da yake ba a iya tilasta wa manoman da ke bayan teku su sayar a farashin da ba su yarda da shi ba, sai ya ba da izini majalisar Virginia ta zauna a 1628 ta duba tayinsa. Ta zauna, ta nemi farashin da ya fi nasa, ciniki bai faɗa ba. Abin lura a nan shi ne bukatar kuɗin taba ce ta sa sarkin da ya ƙi jinin majalisa a gida ya amince da wata majalisa a ƙetare. Da wannan hanya ta toshe, ya koma ga shela iri-iri: a sauke taba a Landan kaɗai, a buga mata hatimi, kuma daga 1633 ba mai sayar da ita a kanti ko gidan giya sai da lasisin da aka saya daga fada.

A nan ne maslahar sarki da ta manomi suka rabu, ba su sake haɗuwa ba. Da nauyi ake karɓar kuɗin fito, ba da darajar kaya ba. Ko laba ta yi sule 3 a Virginia ko ta yi kwabo guda, abin da kwastan ke karɓa bai canja ba. Sarki yana son yawa, manomi yana son tsada, yawa kuwa shi ke kashe tsada. Majalisar Virginia ta farko a 1619 ta yanka farashi sule 3 ga mai kyau, sule 1 da sisi ga mai bi mata. Zuwa wajejen 1630 laba ta faɗo kusan kwabo guda. A Virginia kuwa taba ita ce kuɗi: da ita ake biyan haraji, da tara, da bashi, da albashin limaman coci. Faɗuwar farashinta faɗuwar komai ce.

Manoman sun yi ta ƙoƙarin rage noma da kansu. A 1629 aka ƙayyade tushe 3,000 ga kowane mutum, a 1632 aka mayar 2,000, a 1633 aka mayar 1,500, har da ƙa'idar kada a tsinki fiye da ganye 9 a tushe guda. Ba ta yi aiki ba, kuma dalilan a fili suke. In an ƙidaya tushe, manomi sai ya koma sabuwar ƙasa mai ƙarfi inda ganye zai yi faɗi da nauyi, ya sami laba ɗaya daga tushe kaɗan. In an yanke taba, kututturen yana sake tofo, a tsinki wannan na biyu maras kyau a cusa a ganga. Masu dubawa kuma maƙwabta ne, su ma manoma, kowa yana da abin ɓoyewa. A 1639 sai da aka yanke a ƙone duk maras kyau da rabin mai kyau. Ga kuma Maryland, wadda aka kafa a 1634 a ɗaya gefen kogin Potomac: duk abin da Virginia ta rage, ita za ta cike.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi shi ne na manoman Ingila kansu. A kewayen Winchcombe da Cheltenham, cikin gundumar Gloucestershire, talakawa sun gano cewa ɗan fili kaɗan na taba ya fi babbar gonar hatsi kawo kuɗi, ga aikin yi ga mata da yara wajen dashe da cire tofo da shanya. Shelar 1619 ba ta hana su ba, haka duk waɗanda Charles ya maimaita. Alƙalan yankin masu filaye ne da ke karɓar hayar gonakin da tsada, don haka ba su da niyyar tumɓuke abin da ke cika musu aljihu. Da aka kashe Sarki Charles aka kafa jamhuriya, sai majalisa ta sake kafa dokar hanin a 1652, abin da ke nuna cewa maganar ba ta halin wani sarki ba ce, ta baitulmali ce da 'yan kasuwar Landan da Bristol. A 1658 an tura mahaya dawaki Cheltenham, jama'a maza da mata suka tare su da makamai, dole suka janye. Dokar 1660 ta sa tarar sule 40 a kan kowane ɗan fili mai kimanin murabba'in mita 25, a 1663 aka mayar da ita fam 10. Irin wannan fili 160 ne ke cika eka, tarar eka guda ta kai fam 1,600 ke nan, kuɗin da ƙaramin manomi ba zai tara ba ko zai shekara ɗari yana noma. Tarar da ta wuce hankali ba ta karɓuwa, shi ya sa aka koma ga sojoji su tattake gonaki da dawaki lokacin da ganye ya kusa nuna. A Satumba 1667 wani ma'aikacin gwamnati a Landan, Samuel Pepys, ya rubuta a littafin ajiyar labaransa cewa an aika dogaran sarki Winchcombe don lalata taba. Sai wajejen 1690 noman ya mutu, kuma arahar tabar Virginia ta taimaka wajen kashe shi kamar yadda kofaton dawaki ya taimaka. Shekara saba'in gwamnati tana yaƙar talakawanta a kan ganyen da ta halatta wa kowa ya sha, wannan zalunci ne ko ta wace fuska aka dube shi.

A shekarun yaƙin basasa jiragen Holan ne suka mamaye jigilar tabar Virginia, suna biya da kyau suna kawo kaya da araha. Dokar jiragen ruwa ta 1651 ta fara taka musu birki, ta 1660 a zamanin Charles na Biyu ta rufe ƙofar. Ta lissafa wasu kayan yankunan mallaka, cikinsu har da sukari, taba, auduga, baba da citta, ta ce ba za a kai su ko'ina ba sai Ingila ko wani yankin mallakarta, a jirgin Ingila, mai kyaftin Bature ɗan Ingila da kashi uku cikin huɗu na ma'aikata 'yan ƙasa. Yadda ake tabbatarwa shi ne lamuni. Mai jirgi zai sa hannu a takardar fam 1,000 in jirgin bai kai tan 100 ba, fam 2,000 in ya kai, tare da masu tsaya masa. In ya sauke kaya a Ingila, kwastan su ba shi shaida, ya kai a soke lamunin. In bai kawo ba, a ci kuɗin.

A takarda abin ya yi kyau, a kan ruwa kuwa ya yi ta yoyo. Gaɓar Chesapeake, inda Virginia da Maryland suke, koguna ne da rassa barkatai, jirgi yana zuwa har bakin gonar mutum ya yi lodi, babu tasha guda da za a tsare. Ana buga shaidar jabu. Ana kawo masu tsayawa waɗanda ba su mallaki komai ba, in an zo cin lamuni a tarar ba abin kamawa. Babbar ɓaraka kuma ita ce izinin kai kaya wani yankin mallaka: jiragen Boston su ɗauki taba da sunan gida za su, daga can su zarce Turai. Dokar 1673 ta ɗora kwabo guda a laba a kan irin wannan jigila, a biya tun a wurin lodi. 'Yan kasuwa suka ce to, tunda sun biya, ai sun sayi 'yancin zuwa inda suke so. A Albemarle, arewacin Carolina, inda ƙananan jiragen nan ne kaɗai ke iya shiga, karɓar wannan kwabo na cikin abin da ya tayar da boren 1677. Sai dokar 1696 ta toshe fassarar, ta kuma buɗe hanyar kai masu laifi kotunan ruwa da ba su da masu taya alƙali hukunci daga cikin jama'ar gari, domin waɗancan ba sa kama maƙwabtansu da laifi.

A Ingila kuma akwai tsarin mayar da kuɗi. Daga 1660 kwabo 2 ake biya a laba, in an sake fitar da tabar zuwa Turai a mayar wa ɗan kasuwa duka ban da sisin kwabo, wato rabin kwabo. Manufar ita ce Landan ta zama kasuwar da Holan da Jamus da Faransa za su saya, kuma ta zama: zuwa wajejen 1700 Ingila na shigo da sama da laba miliyan 30 a shekara, fiye da rabi ana sake fitarwa. Amma tsarin ya buɗe ƙofar cuta ta fuska biyu. A ba mai awo toshiyar baki ya rage nauyi ranar shigowa, ya ƙara nauyi ranar fita, sai mutum ya karɓi mayarwar abin da bai taɓa biya ba. Ko a cika ganga da kara da shara a fitar da sunan taba. Ko a fitar da ta gaske a karɓi kuɗi, a kai ta tsibirin Man ko Dunkirk, ta dawo da dare a ƙananan kwale-kwale. Duk ƙarin haraji yana ƙara ribar wannan sana'a.

Manoman Virginia sun ga sakamakon a jikinsu. Masu saye sun ragu, kuɗin jigila ya hau, noma yana ta ƙaruwa. Gwamna William Berkeley, wanda ba a taɓa shakkar biyayyarsa ga sarauta ba, ya je Landan ya yi kuka a kan dokar, ba a saurare shi ba. Da aka nemi izinin taƙaita noma, majalisar mashawartan sarki ta ƙi a 1664, ta ambaci asarar da kwastan zai yi. A 1666 Virginia da Maryland da Albemarle suka amince kada a shuka taba sam a 1667, Lord Baltimore mai Maryland ya soke. A wajejen 1670 zuwa 1680 taba na kawo wa baitulmali kimanin fam 100,000 a shekara, shi ya sa da boren Nathaniel Bacon ya tashi a 1676 aka ƙone Jamestown, Charles na Biyu ya aika sojoji kimanin dubu ba tare da jinkiri ba. A Mayu 1682 manoman gundumar Gloucester ta Virginia suka fid da rai, suka fara sare dashensu, suka bi na maƙwabta, abin ya bazu zuwa New Kent da Middlesex. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin cin amanar sarki, aka rataye mutum biyu.

Bayan shekara uku James na Biyu ya sami ƙarin kwabo 3 daga majalisa, kuɗin fito ya zama kwabo 5. A ɗauki ganga mai laba 500 da za a sha a Ingila. Kwastan zai nemi fam 10 da sule 8 da kwabo 4, kafin ragin da ake yi wa mai biya nan take. Manomin da ya sayar a kwabo guda ya tashi da fam 2 da sule 1 da kwabo 8, daga ciki zai biya ganga, ga sule 2 na fitarwa da gwamnatin Virginia ke karɓa a kan kowace ganga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma manomin ma ba shi ne kurar ƙarshe ba. Wanda ba shi da iko a kan farashi, ba shi da iko a kan haraji, abu biyu suka rage masa ya matsa: ƙasa da ma'aikaci. Taba tana cinye ƙarfin gona cikin shekara uku ko huɗu, sai a sare sabon daji, dajin kuwa na 'yan asalin ƙasar ne. Aikin kuma na hannu ne daga farko har ƙarshe: yayyafa iri a kwarin reno, dashe a kan tudu-tudu, karya kan tsiro, cire tofo da tsutsa mako-mako, yanka, ratayewa a rumfa, jira iska ta yi laima kafin a taɓa ganye don kada ya farfashe, sannan danna shi a ganga. Da farko barorin Ingila masu wa'adin shekara huɗu zuwa bakwai ke yi. An sauke 'yan Afirka na farko a Virginia a 1619, a 1662 aka kafa dokar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, ɗan baiwa bawa ne. Daga ƙarshen ƙarnin manyan masu gonaki suka koma ga bayi gadan-gadan, kuma kamfanin da fada ta ba izinin cinikin bayi a 1672 ƙanin sarki ne ke shugabantarsa, wato James ɗin nan da ya zo ya ƙara kwabo 3. Ayuba Sulaiman Diallo, Bafillace mai ilimi daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, gonar taba aka kai shi a Maryland a 1731.

Gyaran da ya yi tasiri bai zo ba sai 1730, lokacin da Gwamna William Gooch ya sa majalisar Virginia ta kafa rumbunan gwamnati a bakin koguna. Kowace ganga sai an kai ta can, masu duba da ke kan albashi su fasa ta, su ƙone maras kyau, su buga wa mai kyau hatimi da nauyinta, su ba mai ita takarda wadda ke yawo a hannun mutane kamar kuɗi. Kwamishinonin kwastan a Landan sun yi adawa, don ganyen da aka ƙone ba zai biya kuɗin fito ba. Gooch ya shawo kan hukumar ciniki da hujjar cewa auna ganga tun a Virginia zai rage satar awo a Ingila. Ƙananan manoma masu gajiyayyar ƙasa, waɗanda tabarsu ce aka fi jefawa wuta, su ne suka ɗauki nauyin gyaran, kuma a 1732 suka cinna wa rumbuna da dama wuta a arewacin Virginia. Maryland ba ta kafa irin wannan doka ba sai 1747, bayan ta ga tabarta tana kwantai a kasuwa kusa da ta maƙwabciyarta.